Nguru, Inda Dogo Ya Ƙare

Mutanen Kano da suka manyanta sun san jirgin Nguru. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja masa reshe ya yi arewa maso gabas, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya je ya tsaya a Nguru a 1930. Tafiyar kilomita 230 ce ko kusa da haka, kuma daga nan ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Saboda haka duk abin da ya fito daga ƙasar Manga da ta Bade da yammacin Borno da kudancin Nijar, in dai teku zai nufa, sai ya zo ya kwana a wannan tasha. Kakana na wajen uwa ya yi akawun sikeli a can, a kantin wani kamfanin Turawa. Abin da ya bar mana na wancan zamani bai wuce 'yan hotuna marasa kala a cikin wata tsohuwar ambulan ba, waɗanda suka daɗe a ƙasan adakar kakata tare da turare da tsofaffin zannuwa. Su na ɗauka na tafi in ga ko za a gane wuraren.

A mota na tafi, don jirgin an sha tayar da shi yana sake kwantawa, kuma lokacin da na je a kwance yake. Na hau Sharon a 'Yankaba da sanyin safiya, cikin hunturu, muka bi ta Ringim da Gujungu muka faɗa Haɗeja. Babu abin faɗa a wannan ɓangare sai shingayen jami'an tsaro da masu tallar rake. Bayan Haɗeja ne ƙasa ta sake. Sai ka ga rairayi da giginya da goriba, can kuma sai ruwa shimfiɗe, kacala ta rufe shi ta fi tsayin mutum, fararen balbelu na bin shanu a gefe. Wani fasinja mai sayar da kifi ya yi ta tsine wa kacalar nan tun da muka fara ganinta har muka shiga gari.

Mai masaukina malamin firamare ne, ɗan unguwar Hausari. Da ya ga hotunan sai ya ce kada mu ɓata lokaci a ofis ko ɗaya, mu je wajen tsofaffi. Muka hau Keke Napep zuwa tashar jirgi.

Tashar na nan. Dogo ya nutse cikin rairayi, a wasu wuraren sai ka share da ƙafa kafin ka ga ƙarfen. Awaki na kwance a inuwar wasu taragu da suka yi tsatsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne manyan sito-sito da ke jere ba nisa da layin, masu kaurin bango da dogon rufin kwano, irin ginin da ba a yi don kyau ba sai don ya daɗe. Wasu an mayar da su rumbun hatsi, wani na ga buhunan siminti a ciki, wani kuma rufin ya yaye, tumfafiya ta tsiro a tsakiyarsa. A ƙofar ɗaya daga cikinsu akwai wata majalisa a gindin darbejiya, dattawa na zaune a kan tabarmi da benci. Mai masaukina ya yi sallama, aka yi ta gaisuwa da Hausa da Barbarci, sannan ya ce, “Baba, ga jikan akawu na kawo muku daga Kano.”

Na miƙa hoton farko. Kakana ne a tsaye, da farar riga 'yar shara da hula, alƙalami a maƙale a kunne, hannunsa ɗaya a kan sikeli irin mai faffaɗan faranti da ake ɗora buhu a kai. Bayansa barandar kanti ce, da wani allo da aka rubuta farashin tan da alli. Alamar fam ce a jikin allon, wato kafin Janairun 1973 ke nan da aka koma naira. A saman ƙofa akwai allon sunan kamfani, amma mai hoton ya yanke shi, ƙasan haruffan kawai ake gani.

Nan fa gardama ta kaure. Wani ya ce kantin UAC ne, ya san wannan baranda. Wani ya ce a'a, ginshiƙan nan na Janhol ne. Na uku ya rantse na Faransawa ne. Aka yi ta karɓar hoton hannu zuwa hannu, mai tabarau ya cire, marar tabarau ya ara. A cikin gardamar suka lissafo mini sunayen da duk tashar jirgi mai gyaɗa a Arewa ta sani: UAC, wanda aka kafa a 1929 bayan haɗewar Kamfanin Neja da wani kamfanin, da John Holt na Libaful, wato Janhol, da G.B. Ollivant, da PZ, da CFAO na Faransawa, ban da Kwarori da Larabawan Tarabulus da ke da nasu shagunan. Ba a daidaita ba har aka kira la'asar. Ni dai na lura babu wanda ya gane kakana, amma kowa ya gane sikelin.

Bayan salla wani dattijo siriri, wanda ya ce shi ma ya yi akawu a ƙuruciyarsa kafin ya koma aikin En'e, ya zaunar da ni ya warware mini yadda kanti yake. Fuska biyu gare shi. Ta baya ana saye: gyaɗa, ƙaro, fata, ƙirgi, auduga. Ta gaba ana sayarwa: akoko da alawayyo da atamfa, kananzir a gwangwani, gishiri, sabulu, sukari, fitilar ƙwai, tasoshi da fanteka da langa, keken Rali, keken ɗinki Singa, har garmaho. Manomi ya karɓi kuɗinsa a taga ɗaya, ya zaga ya ajiye rabinsu a ɗaya tagar. Kafin kaka kamfani kan ba manyan dillalansa adibas, su kuma su raba wa yaransu, yaran su bazu ƙauyuka da buhuna da mudu. A bakin kanti kuma ga 'yan baranda, waɗanda aikinsu su tare mai kaya tun daga bakin gari su janyo shi wajen ubangidansu kafin wani ya riga su. Ya ce in kaka ta kama, raƙuma kan durƙusa tun daga fulotin awo har inda ido ya ƙure, ga jakuna, ga takarkarai, ƙura ba ta kwantawa sai bayan isha'i.

Yana magana yana nuna wurare da sandarsa, wai nan ne kaza, can ne kaza. Inda ya nuna a matsayin fulotin awo yanzu gidaje ne da wani shagon cajin waya.

Hoto na biyu shi ya fi tayar da ƙura. Dalar gyaɗa ce ba a gama ginawa ba, mutane na hawa gefenta a jere da buhu a ka, ba riga, sai gajeren wando da gammo. A ƙasa ga wani Bature da malafa, ga akawuna biyu riƙe da littafi. Da hoton ya isa hannun wani tsoho baƙi mai faɗin kafaɗa, wanda tun zuwanmu bai ce uffan ba, sai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Ɗan nan, ka ga waɗannan da ba a ganin fuskarsu? To mu ne.”

Dako ya yi tun yana saurayi. Ya ce buhu 13 ne tan guda, kuma da buhun nan a ka ake taka buhunan ƙasa a hau har ƙololuwa, da gudu, don a kan buhu ake biya. Da waƙa ake yi, in ba haka ba ƙafa ba ta ɗauka. Ya kama hannuna ya ɗora a tsakar kansa in taɓa, wurin ya yi kanta, gashi bai sake fitowa ba. Ya ce mutane na ganin dala a hoto suna cewa arziki, alhali dala alamar jira ce: jirgi ne ya kasa kwashewa. Wannan gaskiya ne. An riƙa tara buhunan haka ne a Kano da Malam Madori da sauran wurare saboda taragu ba sa isa, gyaɗar bana kan tarar da ta bara ba a kai ta Legas ba. Ana cewa babbar dala kan ci buhu 15,000, a lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa da ƙwari.

Daga nan ya juya kan sikeli, yana kallona yana murmushi, irin na mai shirin tsokanar jika. Ya ce, “Kakanninku akawuna ai sun sha mu. A cire na buhu, a cire na ƙasa, a cire na danshi, abin da ya rage a ce shi ne naka. Manomi bai iya karatun sikeli ba, sai ya ce Allah ya sa albarka.” Tsohon akawu ya zabura. Ya ce to su manoman fa, wa ke zuba rairayi a tsakiyar buhu? Wa ke yayyafa wa gyaɗa ruwa da daddare don ta yi nauyi? Ai don haka malaman duba amfanin gona ke soka ƙarfe a buhu su zaro samfur. Aka yi dariya, da alama sun shekara hamsin suna wannan faɗa a gindin bishiyar nan.

Ni a ganina babban mai cin manomi ba ya cikin hoton ma. Tun 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi a farkon kaka, ita kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, kamfanoni da manyan 'yan kasuwa irin su gidan Alhasan Ɗantata sun zama wakilanta masu lasisin saye. Abin da ake ba manomi ya yi ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, rarar kuma ta tafi asusun gwamnati. An yi abin kirki da ita, ba a musu: da kuɗin hukumar aka haɗa aka kafa masaƙar Kaduna ta farko a 1957. Amma masaƙar a Kaduna take. Mutumin da ya noma gyaɗar a ƙauyen Machina, da wanda ya hau dala da ita a ka, sun ga abin da suka gani ne kawai a tafin hannunsu ranar awo. Shi ya sa in na ji 'yan siyasa na cewa za su dawo da dalar gyaɗa, nakan so a tambaye su wanne ɓangaren za su dawo da shi.

Washegari mai masaukina ya kai ni wajen gwaggonsa a cikin gari, tsohuwa tukuf amma bakinta garau. Da aka ce mata jikan akawu ne sai ta ce, “Af, maigidan ne ya zo? To me ka kawo mini, ko hannu rabbana ka zo kamar kakanka?” Na ajiye goro da turmin atamfa, ta ce an yafe mini. Ita tuwo da miya ta sayar a bakin tasha tun tana budurwa, tana taya uwarta. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar mini, ta ce ba ta ga kowa nata ba. Ta ce mai hoto kuɗi ake ba shi, wa zai biya a ɗauki mai tuwo?

Sai ta shiga lissafo sana'o'in da suka rayu a jikin tashar, waɗanda ko ɗaya ba ta cikin ambulan ɗina. Masu ɗinkin buhu da basilla. Masu saƙa igiya da asabari. Masu sayar wa raƙuma harawa da dusa. 'Yan ga-ruwa. Maƙeran da ke gyara injin ɓare gyaɗa na hannu, wanda ya zo ya maye gurbin turmi saboda an fi biyan gyaɗar da ba ta farfashe ba. Masu rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya. Fatoman da ke saukar da Buzaye da Mangawa masu kawo kanwa da gishirin mangul daga Nijar. Matan da ke zama a sito suna tsince ƙaro, ana ware farin ƙaron dakwara mai tsada daban, ja da mai datti daban, yatsunsu duk sun tsattsage. Ta ce ranar da jirgi zai tashi, tukunya uku suke ɗorawa kuma kafin azahar an sha ƙanzo.

Ta daɗe a kan banda. Nguru ta yi suna a kudu da busasshen nama, wanda Yarbawa ke kira kundi. A yanka shanu da raƙuma, a yayyanka naman gunduwa-gunduwa, a tafasa, a ƙyafe shi a kan wuta har ya bushe ƙamas, a ɗura a buhu, jirgi ya kai Ibadan da Legas. Ta ce akwai unguwar da hayaƙi ba ya yankewa dare da rana, kuma Yarbawa masu sayen bandar nan sun zauna sun hayayyafa, 'ya'yansu na jin Hausa da Barbarci kamar kowa. Fatun dabbobin kuma ba a yar da su. A ɗaure su a firam a shanya a inuwa, don malaman fatu sun hana shanyawa a ƙasa cikin rana, sannan a jera su a ɗaure a kai kanti. Yanzu, in ji ta, ƙirgin ma cinye shi ake yi, ya zama ganda.

Na tambaye ta Sabon Gari. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce akwai Inyamurai da yawa a da, masu shaguna da teloli da kafintoci da ma'aikatan jirgi, da wata mai gidan burodi da suke mutunci da uwarta. A 1966 suka tafi, waɗanda Allah ya sa suka tsira, jirgin da ya kawo su shi ya kwashe su. Bayan yaƙi wasu sun dawo, wasu ko labarinsu ba a sake ji ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban ja zancen ba.

Hoto na uku na situdiyo ne. Kakana da wani abokinsa sun sha manyan riguna, suna tsaye a gaban labule mai zanen bene da furanni, keke a tsakaninsu, rediyo a kan wani ɗan tebur. A bayan hoton akwai hatimin mai hoto da ya kusa gogewa. Da wannan hatimi muka yi ta tambaya har aka kai mu wani shago a kusa da kasuwa, inda wani magidanci ke buga takardu da kwamfuta yana ɗaukar hoton fasfo. Jikan mai situdiyon ne. Ya ce yana yaro ya ga akwatin hoton kakansa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, wanda ake cusa kai a ciki. Ya yi dariya da ya ga rediyon, ya ce ai ta situdiyo ce, ba ta ma aiki, kowa da ita ake ɗaukarsa, keken ma haka. Wato dukiyar da muka taso muna nunawa a gida muna cewa ta kakanmu ce, ta haya ce ta minti biyar.

Na tambaye shi ina fina-finan da aka wanke hotunan da su. Ya ce akwatuna ne cike, na bikin salla da na 'yan makaranta da na ma'aikatan kamfanoni da na alhazai masu neman fasfo. Gara ta ci wasu, ruwa ya shiga ɗakin wata shekara ya manne sauran, aka kwashe aka zubar. Abin da ya tsira shi ne wanda ke rataye a bangon mutane ko a ƙasan adaka. Wannan ya fi rushewar kantunan ci mini rai. Gini ko ya faɗi ana ganin tushensa, amma fuskokin mutanen gari guda na shekara talatin ko arba'in sun tafi juji a rana ɗaya, kuma babu wanda za a ce ya yi laifi. Ya roƙe ni ya ɗauki hotunan nawa da na'urarsa, na ba shi, ya ce zai buga babba ya rataya a shagon.

Da yamma muka koma majalisa, na tambayi abin da ya kawo ni: me ya kashe kasuwancin? Kowa da amsarsa. Wani ya ce fari, wani ya ce soja, wani ya ce man fetur, wani ya ce rashin tsoron Allah. In aka jera abin da aka sani, duk suna da rabo a gaskiyar. A 1964 dogo ya isa Maiduguri ta Bauchi da Gombe, sai kayan Borno da na Chadi suka sami wata ƙofa, Nguru ta daina zama ita kaɗai. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, kamfanonin waje da dama can sun fara janyewa daga ƙananan garuruwa suka ƙarasa tattara komatsansu. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki. A 1975 ƙwarin darɓa suka yaɗa cutar kuturun gyaɗa, amfanin shekarar ya lalace, manoma da yawa suka koma gero da wake ba su sake waiwayar gyaɗa ba. Ƙasar da ta fi kowace fitar da gyaɗa a duniya a shekarun 1960 ta wayi gari ba ta da ta fitarwa. Kuɗin fetur ya sa gwamnati ba ta damu ba, aka shimfiɗa kwalta, tirela ta ƙwace kayan jirgi. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, gawa ce aka yi wa sutura. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, Damaturu aka ba hedikwata.

Tsohon akawu ya ce duk wannan lissafin 'yan boko ne, shi dai ya san ranar da ya ga an ɗora sikelin kantinsu a bayan akori-kura an tafi da shi Kano, ranar ya san an gama. Tsohon ɗan dako ya ce, “Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni bana jikana ke tuƙa mota, ba ya ɗaukar buhun kowa a ka.”

Maganarsa ta sa na daina kallon garin ta cikin ambulan. Nguru tsohon gari ne tun kafin Bature, nan ne mazaunin Galadiman Borno mai tsaron yammacin daular, kuma almajirai na zuwa zawiyar Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, ba don gyaɗa ba. Abin da jirgi ya kawo shi ne shekara arba'in da 'yan kai na zama bakin ƙofa. Da ƙofar ta koma wani wuri, garin bai mutu ba, baya ya juya wa tasha ya fuskanci kwalta. Wanda ya sauka a tashar jirgi zai ce kufai ya zo. Wanda ya sauka a tashar mota zai rasa inda zai sa ƙafa.

Na je bakin tafkin da safe. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Haɗeja ya daina zuwa da tafiya a kan lokacinsa na da. Kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya da ake karewa, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna cin hunturu a nan. Masunta dai ba tsuntsu ne a gabansu ba. Na tarar ana sauke tarwaɗa da karfasa daga kwale-kwale, mata da yara na ƙyafe kifi a kan waya, ana jera shi a kwali ana ɗaurewa da igiya, an rubuta sunan mai kaya da garin da za shi da baƙin fenti. Bandar nan dai ba ta tafi ko'ina ba, kifi ne ya fi yawa a cikinta yanzu, mota kuma ke ɗauka.

A kara na ga ana loda shanu a tirela, ana ɗaure ƙahonninsu a jikin katako, samari na zaune a sama a kan sanduna, haka za su yi kwanaki har Legas. Na tsaya kusa da wani dillali mai yawan shekaru, na nuna masa hoton ƙarshe, na taragun shanu a tasha da wani mutum a tsaye da tulun ruwa. Ya ce ya yi wannan tafiya da ubansa. A jirgi, in ji shi, kuɗin tarago ɗaya za ka biya, a ba ka takarda, shi ke nan. Yanzu daga nan zuwa kudu ba ya iya ƙirga wuraren da ake tsayar da mota a karɓi kuɗi, ga tsadar man dizal, ga dabba ta faɗi a hanya a yanka ta a sayar da asara. Ya ce, “Wallahi Alhaji, gobe jirgi ya dawo, jibi shanuna na ciki.”

Direban tirelar na gefe yana shan shayi, saurayi ne da bai fi talatin ba. Ya ajiye kofi ya ce, “Baba, jirgin da kuke faɗa, in ya lalace a daji kwana nawa shanu ke yi ba ruwa? Ni in na tashi yau, ranar da na ce zan shiga Legas ranar nake shiga. Kuma mu da muke ci a nan, mu da yaran mota da masu faci da masu abincin hanya, ina za a kai mu?”

Dillalin ya ce a kai su inda aka kai masu raƙuma. Direban ya ce to kafin nan a cika masa kuɗin lodi, saura dubu ashirin.